Tumbi ke da suna, hanji ke da aiki

A ranar 6 ga watan Yunin 1822 bindiga ta tashi bisa kuskure a wani kantin 'yan fatu da ke tsibirin Mackinac, cikin jihar Michigan ta Amurka a yau. Harbin ya sami wani saurayi ɗan Kanada, Alexis St. Martin, a gefen hagu, ya karya haƙarƙari ya huda tumbi. Likitan soja William Beaumont da aka kirawo bai sa ran zai kwana biyu ba. Sai ga shi ya tashi. Amma raunin bai rufe ba: bakin tumbin ya manne da fatar waje, ya bar kafar da yatsa ke shiga.

Beaumont ya ga banza ta faɗi. Yakan ɗaura yankan nama ko burodi a zaren siliki, ya zura ta kafar, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba. Yakan ɗebi ruwan tumbin a kwalba ya jefa nama ciki, naman ya narke a waje kamar yadda yake narkewa a ciki. Har ya lura cewa in ran saurayin ya ɓaci, narkewar takan yi nawa. A 1833 ya buga littafin da ya tabbatar wa likitoci cewa sinadari ne ke narkar da abinci. Yau babu asibitin da zai yarda a yi wa talaka marar gata irin wannan, kuma St. Martin kansa ya sha barin gidan likitan ya koma Kanada. Ya rayu har 1880, shekara 27 bayan mutuwar Beaumont.

Tumbi shi ne sananne, shi ake dafewa in ciwo ya taso, shi ake shafawa in an ƙoshi. Amma zango ɗaya ne kawai a hanyar da ta kai kusan mita 9 daga baki zuwa dubura, kuma ba shi ne mafi muhimmanci ba.

Aikin daga baki yake farawa. Mutum na fitar da yawu lita 1 zuwa 1.5 a yini, cikinsa da sinadarin amilas mai farfasa sitaci. Duk wanda ya daɗe yana tauna gurasa zai ji ta fara zaƙi a bakinsa, aikin amilas ke nan. Mai cin tuwo da miyar kuɓewa kuwa, wanda ke mulmula loma ya tura ba tare da haƙori ya taɓa ta ba, ya tsallake wannan mataki, sai dai bai yi babbar asara ba, don irin sinadarin na jiran lomar a gaba. A maƙogwaro hanya ta rabu biyu, ta iska da ta abinci, kuma wani ɗan murfi ne ke rufe ta iskar a duk haɗiya. In aka haɗa ci da surutu murfin ya makara, sai a ƙware. Daga nan bututu mai tsawon santimita 25 ke matsa lomar ƙasa da ƙarfin tsoka, shi ya sa ko a kwance mutum yake haɗiya na tafiya. In ƙofar da ke ƙarshen bututun ta saki, ruwan tumbi ya hauro, shi ne ƙwannafi.

Tumbin mutum ɗaki ɗaya ne, ba huɗu ba irin na rago. Jaka ce ta tsoka mai ɗaukar lita 1 zuwa 1.5 ba tare da wahala ba. Tana cuɗa abinci da asid mai ƙarfi wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, ta fara warware furotin na nama da wake, sannan ta riƙa sakin abin kaɗan kaɗan cikin awa 2 zuwa 4. Abinci mai maiƙo ya fi daɗewa. Abin da ke hana tumbi cin kansa shi ne majina mai kauri da ta shafe bangonsa.

Inda wannan kariya ta tsage ne ake samun gyambon ciki, wato olsa. An daɗe ana ɗora laifin kan yunwa da yaji da damuwa, kuma har gobe haka ake faɗa a zaure. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano a 1982 cewa wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, na zaune cikin wannan majina tana ɓarna. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. Sanadi na biyu yana kan kantar kowane kemis: magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda ɗan dako ko manomi ke watsawa baki kullum da yamma. Yunwa da yaji suna iya tayar da raɗaɗin, amma ba su ke haƙa gyambon ba, kuma mai ƙwayar kan rabu da ita da maganin kusan mako biyu in likita ya gwada ya rubuta.

Ainihin cin abinci a ƙaramin hanji yake, mai tsawon kusan mita 6. A farkonsa ruwa biyu ke kwararowa. Na ɗaya daga hanta, wanda matsarmama ke ajiyewa, koren ruwan nan mai ɗaci da mahauci ke lallaɓawa ya yanke kada ya fashe ya ɓata nama. Shi ke tarwatsa kitse, yadda sabulu ke yi wa maiƙon kwano. Na biyu daga fankiriyas, wata gaɓa mai laushi da ke kwance bayan tumbi, shi ke kashe kaifin asid ya kuma ƙarasa farfasa sitaci da furotin da mai.

Bangon hanjin ba sumul yake ba. Ninki ne bisa ninki, a kansu miliyoyin 'yan tsinkaye masu laushi, kowanne da jijiyoyin jini a cikinsa. Da za a shimfiɗa shi, zai rufe kusan murabba'in mita 30. Ta nan sukari da sauran amfanin abinci ke ratsawa cikin jini su nufi hanta. Wurin na cin wuya sosai, har ƙwayoyin da suka lulluɓe shi ba sa wuce kwana 3 zuwa 5 ake sauya su. Wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya saboda ciwon daji yana rayuwa, yana cin abinci kaɗan kaɗan yana karɓar allurar bitamin B12. Wanda ya rasa ƙaramin hanji kuwa sai dai a ciyar da shi ta jijiya.

Saura tusa da bayan gida, aikin babban hanji, mai mita 1.5. Yana tsotse ragowar ruwa, tiriliyoyin bakteriya da ke zaune cikinsa kuma suna cin dusar gero da ganye da wake da suka gagari narkewa. Iskar da suke fitarwa ce ke kumbura cikin wanda ya cika cin alala.

Wani lissafi da ba a cika yi ba shi ne na ruwa. Kusan lita 9 ke bi ta hanji kowace rana, lita 2 ne kawai daga abin da aka ci aka sha, sauran jiki ne ya zuba. Hanji na mayar da kusan duka, abin da ke fita bai kai kofi ɗaya ba. Kwalara da gudawa wannan lissafin suke rusawa, shi ya sa yaro ke iya bushewa cikin yini guda. A 1960 masani Robert Crane ya nuna cewa bangon ƙaramin hanji na jan gishiri tare da sukari ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi su. Wannan ƙofa ba ta rufewa ko kwalara ta kama mutum. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da majinyata ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Wannan ruwan gishiri da sukari shi ne ORS da ake sayarwa a ƙunshi. In babu, ana haɗa lita 1 ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In yaron ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, sai asibiti.