Kafin Ka Hau Tsaunin Kinder Scout: Jan Hankali Ga ’Yan Uwa Mazauna Birtaniya

Da yawa daga cikin ɗalibanmu da ma’aikatanmu da ke zaune a Manchester da Sheffield da Leeds kan so fita shan iska a ƙarshen mako, musamman idan bazara ta shigo rana ta fara leƙowa. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi kusa shi ne Kinder Scout, a gandun Peak District. Jirgin ƙasa da ke zirga-zirga tsakanin Manchester da Sheffield yana tsayawa a ƙauyen Edale, daga nan kuma sai tafiyar ƙafa. Sauƙin zuwan nan shi ke yaudarar mutane. Sai ka ga mutum ya fito da takalmin yawon gari da wandon jins, ba ruwa ba guzuri, ya nufi wurin da ko ’yan ƙasa ba sa hawa sai da shiri.

Kinder Scout shimfiɗaɗɗen tudu ne mai tsayin mita 636, babu inda ya kai shi bisa a duk gandun. A samansa babu itatuwa, babu gidaje, babu inuwa, sai gajerun tsirrai da duwatsu da baƙar ƙasa mai shan ruwa. Wannan ƙasa ta samo asali ne daga gansakuka da ciyayin da suka mutu suka jibgu cikin danshi ba tare da sun ruɓe sarai ba, kuma kaurinta na ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya kacal a shekara. Ke nan mita ɗaya aikin shekara dubu ne. Hayaƙin masana’antun Manchester na tun zamanin da ya kashe gansakukan, ƙasa ta tsiraita, ruwa ya yanka kwazazzabai masu zurfi. Ƙungiyar National Trust ta karɓi wurin a 1982, aka ayyana shi gandun adana halittu na ƙasa a 2009, har yau kuma ana ta datse kwazazzaban da sake dasa gansakuka.

Shiga wurin ma ba kyauta aka samu ba. A da, masu filin sun keɓe shi don harbin tsuntsaye. Ran 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman suka kutsa ciki da gangan, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, sannan dokar shekarar 2000 ta ba kowa ’yancin taka irin waɗannan filaye. Amma ’yancin da sharuɗɗansa yake tafe.

Abu na farko da za a kiyaye shi ne yanayi. A ƙasa kana iya barin rana ƙwal, ka tarar da iska da ruwa a sama. Hazo kan sauka cikin ’yan mintoci har ka kasa ganin abokin tafiyarka, kuma da yake ko’ina kama ɗaya ne, mutum kan yi ta kewaya wuri guda bai sani ba. A duba hasashen yanayin tsaunuka na hukumar Met Office kafin a fito. A sa takalmi mai riƙe idon sawu, da rigar ruwa, da tufafi hawa-hawa waɗanda za a iya ƙarawa ko ragewa. Auduga da jins idan suka jiƙe ba sa saurin bushewa, sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Wanda ka ga yana rawar ɗari, maganarsa na harɗewa, yana tangaɗi, to sanyi ya fara cin ƙarfinsa. A sauya masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi.

Kada a dogara da waya kaɗai. Sabis na yankewa a cikin kwari, sanyi kuma na shanye batir. A riƙe taswirar Ordnance Survey mai lamba OL1 da kamfas da tocila da usur. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka a yi sammako, a kuma faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Idan tsautsayi ya auku, a kira 999, a nemi ’yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni. Busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya a sake, ita ce alamar neman agaji. Masu ceton nan ’yan sa kai ne da ke barin iyalansu su fito cikin dare, bai kamata sakacinmu ya zama dalilin wahalarsu ba.

Abu na biyu, kuma mafi girma, shi ne wuta. Mu mutane ne masu son gashin nama idan an fita, amma nan ba wurinsa ba ne. Baƙar ƙasar nan idan ta bushe ita kanta makamashi ce, wuta kan shige ƙarƙashinta ta yi ta ci a ɓoye kwana da kwanaki. A watan Yunin 2018 gobara ta tashi a tudun Saddleworth da ke arewa da Kinder, aka kwashe mutane daga gidajensu, har sai da aka kira sojoji. A Afrilun 2019 murhun gashi guda ya jawo ƙonewar kimanin hekta 700 a tudun Marsden, daidai lokacin da tsuntsaye ke kwanci. A dafa a gida a ƙunso. Ba murhu, ba gawayin shisha, ba jefar da guntun taba. Wanda ya hango hayaƙi ya kira 999 nan take, kada ya ce wani zai kira.

Shi kuwa kallon namun daji, haƙuri yake so da rage surutu. Akwai wani jan tsuntsu mai kama da fakara wanda kan tashi fir daga gabanka yana ƙara. Akwai wani tsuntsun mai dogon baki lanƙwasasshe da ke zuwa hayayyafa da bazara, wanda yawansa ya ragu ƙwarai a Birtaniya. Akwai zomon tsauni da gashinsa ke komawa fari da hunturu, wanda a duk Ingila a wannan yanki kaɗai ake samunsa. A watan Agusta kuma furanni kan rine tudun da launin shunayya. Tsuntsayen nan a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawa, inda ido ba ya gani. Da zarar an kori uwa daga sheƙa, ƙwai ya huce ko hankaka ya ɗauke. Shi ya sa daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli doka ta wajabta riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba. A bi turba, a hanga daga nesa da tabarau mai jawo nesa kusa. Ɗaukar ƙwai ko ɓata sheƙa laifi ne a dokar 1981.

Akwai kuma kaska a cikin ciyayi, wadda kan ɗauki cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki bayan an dawo, musamman na yara. Idan an ga ta maƙale, a cire ta a hankali da hantsaki daga kusa da fata, kada a matse cikinta. In jan zobe ya fito a wurin cizon, ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, ba ya neman faɗa, kuma doka ta hana kashe shi. A ba shi hanya kawai.

Duk ƙofar shinge da aka tarar a rufe, a mayar da ita a rufe, domin tumakin manoma na kiwo a wurin. Leda da kwalba da sauran tarkace kuwa a dawo da su gida. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da masu shirya fita ta iyalai, nauyin nan a wuyanku yake: ku tabbatar kowa ya shirya kafin a bar gida, kuma idan yanayi ya ɓaci, ku juya, tsaunin ba inda za shi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.