Kafin Ka Kai Iyali Jos, Taka Unguwar da Ƙafarka

Da aka yi wa mijin ƙanwata canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos, ni aka ɗora wa neman gida, don na taɓa zama a garin. Sharuɗɗan da suka gindaya ba su wuce na kowane Bakano ba: ɗaki uku da falo, tsakar gida mai faɗi, katanga mai tsayi, kusa da titi. Na bari suka gama, sannan na ce musu duk wannan lissafin mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A Kano in ka ga gida, ka ga rabin abin da za ka gani. A garin duwatsu kuwa gidan shi ne ƙaramin alhaki. Babban abin dubawa shi ne inda aka dasa shi, da abin da ke samansa, da abin da ke ƙasansa, da hanyar da yaro zai bi kullum daga ƙofarsa zuwa makaranta.

Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Duwatsun Shere da ke gabas da garin sun haura mita 1,800. Wanda ya taɓa shigowa ta Hawan Kibo daga Akwanga, ya ga yadda manyan motoci ke nishi suna rarrafe, ba sai an faɗa masa cewa ya hau sama ba. Wannan tsayi shi ya ba garin sanyinsa da dankalin turawansa da kabejinsa, shi ne kuma ya sa tambayar farko da mai neman gida zai yi ita ce: in an yi ruwa, ina yake bi?

A watan Fabrairu muka fara yawon duba gidaje, ni da wani dillali mai daɗin baki. Ya kai ni wani gida sabon fenti, a gangare, haya da sauƙi har na fara zargin kunnena. Bayan gidan akwai wani kwari busasshe, yara na buga ƙwallo a ciki. Na tambaye shi labarin kwarin, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ko akuya tsallake shi take yi." Ban ce komai ba, na zagaya bayan katanga, inda mai fenti bai kai ba. Ga wani layi nan ja-ja, miƙe sambal kamar an ja shi da igiya, ya kai min har gwiwa. Ƙasan ƙofar ƙarfe ta bayan gida ya yi tsatsa daidai wannan tsayin. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layin ita ta ƙarasa min labarin. "Ɗan nan," in ji ta, "gidan nan duk shekara da sabon ɗan haya. Sukan zo da rani, su tashi kafin a sha masara."

Ruwan sama a Jos yakan kai kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Yawan ruwan ba shi ne kaɗai matsalar ba. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kan tudu cikin rabin awa, duk gangarowa yake yi lokaci guda, ya taru a kwarin da jiya ake buga ƙwallo. A Yulin 2012, bayan wani mamakon ruwa, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya afka wa unguwanni irin su Rikkos da Gangare cikin dare, sama da mutum 30 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Galibin waɗanda abin ya shafa a bakin rafi suke zaune, inda fili ya fi arha. Shi ya sa nake ganin wanda ya sami zarafi ya duba gida a watan Agusta, da yamma, bayan an ɗauke ruwa. In kuwa canjin aiki ya zo da rani, to ya karanta bango, ya tambayi mai ƙosai da mai shayi. Dillali la'adarsa yake nema, su kuwa ba su da ribar ɓoye maka komai.

To, sai mutum ya ce shi ke nan, bari in haye can ƙololuwa. A nan ma akwai magana. Kan dutse ya tsira daga ambaliya, amma ruwan sha yake zama masa aiki. Rijiya ba ta haƙuwa da daɗi a cikin dutse, ta burtsatse kuma tana cin kuɗi, a wasu wuraren ma a haƙa a tashi a tutar babu. Ruwan famfo daga madatsu irin su Shen da Lamingo yake zuwa, kuma ko a ranar da aka sako shi, gidajen ƙasa ne ke fara cika randa, na sama su samu saura in ya rage. Ɗan garuwa shi ma ba wawa ba ne: tura kurar jarkoki a kan hawa ba daidai take da turawa a miƙaƙƙiyar hanya ba, don haka kuɗin jarka yana hawa tare da tudun. Gida mai yara huɗu da wankin yau da gobe, wannan ƙarin kuɗin kan iya cinye rangwamen da aka samu a haya. Kada a tsaya a tambayar "akwai famfo?" Kowane gida akwai famfo. A tambaya sau nawa ruwa ya zo a makon jiya, kuma rijiyar gidan tana kai watan Maris kuwa.

Ni dai a ganina ƙugun tudu ya fi, ba gindinsa ba, ba kansa ba: inda ruwan sama ke wucewa ta lambatu ba ya kwana, kuma mota ko keke mai ƙafa uku na iya isowa ƙofar gida ba tare da direba ya ce sai dai a sauka a ƙarasa da ƙafa ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ranar da naƙuda ta taso da tsakar dare.

Sanyin Jos kowa ya ji labarinsa, amma jin labari daban, kwana a ciki daban. A Disamba da Janairu awon zafi da asuba yakan sauko kusa da digiri 10, ga iskar hunturu da ke bugowa daga arewa maso gabas babu abin da ya tare ta in gidan a fili yake a kan tudu. A duba ɗakin da yara za su kwana: ta ina tagarsa ke kallo, akwai silin ko kwano ne tsirara, hantsi yana shiga ko ba ya shiga. Daɓen tayil da ake yabo a Kano saboda sanyinsa, a nan sai an shimfiɗa masa darduma. Da damina kuma laima ce ke damun ɗakin da rana ba ta leƙawa, sai a ga fumfuna a bayan kabad, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, mai asma kuwa ya shiga uku. Wani abu da ba zan gaji da faɗa ba shi ne kaskon gawayi. Baƙi da dama, in sanyi ya matsa, sukan shigar da shi ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya yi barci ya zarce. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Kuma kada sanyi ya ruɗi kowa ya bar gidan sauro a Kano, don sauron Jos yana nan da ransa.

Akwai wani haɗari da baƙo ba zai taɓa kawowa a ransa ba, domin shi a idonsa ado ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan tudu, har ta kai an jawo layin dogo daga Zariya musamman don kwasarta, kuma neman aikin kuza ne ya kawo kakannin Hausawa da yawa suka zauna tare da Birom da Afizere da Anaguta. Kamfanonin sun tafi, ramukan sun zauna. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi, ƙasar cike take da kududdufai masu ruwa kore-shar, kwance luf kamar hoto. Tafkin da ake shaƙatawa a bakinsa a Rayfield shi ma tsohon ramin kuza ne. Bambancinsu da kududdufin da muka sani shi ne ba su da gaɓa mai saukowa a hankali. Taku ɗaya daga baki, sai zurfi mai cin mutum da tsayinsa sau da yawa, ga laka a ƙasa. Yaron da ya tashi a wurin an gargaɗe shi tun yana rarrafe. Naka da ya zo jiya, wanda bai taɓa ganin ruwa mai kyau irin wannan ba, shi ne abin ji. In akwai irin wannan kududdufi tsakanin gida da makaranta, ko da ba a kan hanya yake ba, a sake tunani. Mai niyyar sayen fili kuma ya binciki tarihin wurin, don wani filin tsohon rami ne aka cike, gini a kansa sai tsagewa. Haka tulin yashin da aka bari bayan wanke kuza: masana sun nuna yana ɗauke da ma'adanai masu fitar da tururin nukiliya fiye da na ƙasar yau da kullum, bai dace da yaɓen ɗaki ko wasan yara ba.

Kuza ta bar alheri ɗaya dai. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa tun 1929 don bai wa mahaƙa lantarki daga ruwan Kurra, har yau yana ba wasu sassa wuta, musamman ta wajen Bukuru, kuma masu gidaje sukan yi tutiya da ita a lokacin ciniki. Tambaya ce mai kyau: wutar gidan ta NESCO ce ko ta gama-gari?

Sai maganar da ba a son yi, amma ɓoye ta cutar da baƙo ne. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sake rarraba mazaunan Jos. Unguwannin da a da ake cakuɗe, mutane suka tattara kowa ya koma inda yake jin zai yi barci da ido biyu rufe. Yau Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da kewayen titin Bauchi galibi Musulmi ne, Unguwar Rukuba da Jenta da Kabong galibi Kirista. Akwai kuma wuraren da suka riƙe zaman cakuɗe, kuma unguwar Daɗin Kowa ta yi suna wajen yadda dattawanta da matanta na ɓangarorin biyu suka hana wuta shigowa a lokacin da maƙwabta ke ci. Ba ina faɗin haka don in tsorata kowa ba ne. A ranakun Allah na yau da kullum, Jos gari ne mai daɗin zama, Hausa ce harshen kasuwa, mai kabeji da mai nama a kasuwar Farar Gada ba sa tambayar juna addini kafin ciniki. Amma mai iyali da ranar da ba a fata yake lissafi. Abin da na koya daga mazauna garin shi ne, su ba unguwa kaɗai suke dubawa ba, har da hanya. Idan aka wayi gari da ƙishin-ƙishin, aka sa dokar hana fita da rana tsaka, shin uwa za ta iya ɗauko 'ya'yanta daga makaranta da ƙafa, ta hanyar da aka san fuskarta? Shin maigida yana da hanya fiye da ɗaya ta komawa gida daga wurin aiki? Makaranta mai suna a ɗaya gefen gari ba ta kai matsakaiciya da ke bayan layi ba, in dai wannan ne ma'auni. Kuma duk unguwar da aka sauka, a je a gaida mai unguwa tun makon farko, a san maƙwabci na dama da na hagu, ko masallaci yake zuwa ko coci.

Tunda an zo kan makaranta, a shiga a ga ginin da ido. A Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta rufta a Busa Buji ana tsakar karatu, rayuka 22 suka salwanta, yawancinsu ɗalibai. Iyaye sukan tambayi sakamakon jarrabawa da kuɗin zango, ba kasafai suke ɗaga kai su dubi tsagar bango ko su tambayi ko benen daga baya aka ɗora shi ba.

Asibiti kuwa kada a auna nisansa da kilomita. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana can Lamingo, akwai na ƙwararru na jiha a tsakiyar gari, akwai na Jankwano. Tsakanin Jos da Bukuru tafiya ce ta kusan kilomita 15, amma cunkoson safe yakan ninka ta. Abin aunawa shi ne minti nawa za a ɗauka da ƙarfe biyun dare ana ruwa, daga ƙofar gida.

Na ba mijin ƙanwata shawarar kada ya sayi ko taku ɗaya na fili sai ya ci damina ɗaya da hunturu ɗaya a gidan haya. A ƙarshe gidan da muka kama ɗaki biyu ne, ba uku ba, tsakar gidan ma ba ta kai rabin wadda suka baro ba. Ƙanwata ta zagaya shi fuska a murtuke ta ce, "Yaya, yanzu duk yawon da ka yi wata guda, wannan akurkin ka samo mana?" Na nuna mata rijiyar da na zura guga da hannuna a ƙarshen Maris na ɗebo ruwa, na nuna mata tagar ɗakin yara da ke kallon hantsi, sannan muka taka tare zuwa makarantar, ina riƙe da agogo: minti tara, babu tsallaka babban titi, babu kududdufi. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai tambaye ni ta ina ake bi zuwa kasuwar Katako, don an ce mata can ne ake samun rigunan sanyin yara na gwanjo masu kauri, kuma gara a saya tun kafin Nuwamba ta shigo su yi tsada.