Yadda ake daidaita ma'aunin lafiyar hannu domin masu magana da Larabci

Idan mutum ya karye a hannu ko ya samu rauni a kafaɗa, warkewar ƙashi ba ta nufin ya koma harkokinsa. Akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu shi ne taimaka wa majinyaci ya sake iya wanka, cin abinci da sana'arsa, kuma suna amfani da takardun tambayoyi domin auna ci gabansa.

Ɗaya daga cikin fitattun takardun ita ce DASH, wadda Cibiyar Nazarin Aiki da Lafiya da ke Toronto a Kanada da ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka suka samar a 1996. Tana da tambayoyi 30 a kan makon da ya gabata, kamar ko majinyaci ya iya buɗe murfin kwalba, murɗa makulli ko cuɗa bayansa. Ana ba kowace amsa maki 1 zuwa 5, sannan a haɗa su zuwa sakamako daga 0 zuwa 100. Yawan maki na nuna tsananin matsala.

Da Turanci aka rubuta ta, saboda haka sai da aka daidaita ta kafin likitocin ƙasashen Larabawa su dogara da ita. Masu bincike a Kuwait na cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Matsalar farko ita ce harshen kansa. Larabcin rubutu ɗaya ne a ƙasashe 22 na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, amma karin Masar ya bambanta da na Maroko ko Iraƙi. Dole a zaɓi kalmomin da dattijon da bai yi zurfin karatu ba zai gane.

Ta biyu ita ce al'ada. Takardar ta asali ta kawo misalin wasanni irin su golf da tanis, kuma akwai tambaya a kan mu'amalar aure, wadda majinyata da dama kan ji nauyin amsawa. Ƙa'idar DASH ta ce ba a fitar da sakamako sai an amsa aƙalla tambayoyi 27, don haka tsallake huɗu kawai ya isa ya lalata gwajin.

Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000. Mafassara biyu ne ke fassara takardar, kowa shi kaɗai, ɗaya ya san fannin lafiya, ɗayan kuma bai sani ba. Sai a haɗa aikinsu, a miƙa wa wasu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da ita Turanci, domin a gano inda ma'ana ta kauce. Daga nan kwamitin masana ya tantance, kafin a gwada ta a kan mutum 30 zuwa 40, ana tambayar kowa abin da ya fahimta.

Bayan haka ne ake tabbatar da ingancinta. Ana ba majinyatan da yanayinsu bai canza ba takardar sau biyu, da tazarar 'yan kwanaki, a ga ko makin zai yi daidai. Ana kuma kwatanta sakamakon da na wasu ma'aunai da aka riga aka amince da su, tare da duba ko makin na sauka idan majinyaci ya samu sauƙi.

Wannan maki na cikin abubuwan da ake dubawa wajen yanke shawarar ci gaba da jinya ko sallamar majinyaci. Idan bai fahimci tambaya ba, ana iya mayar da magini ko tela bakin aiki alhali hannunsa bai gama warkewa ba.