Kalmar «rediyo» ta asibiti da tsoron rashin haihuwa ga maza

1. Gabatarwa

A ƙasar Sassumbrum, kamar sauran garuruwan Magarya da Dungas, marar lafiyan da majo ya tura babban asibiti yakan ce an tura shi «a yi masa rediyo». Wanda ya ƙetara iyaka zuwa Daura ko Kano yakan ce «hoto». Tare da kalmomin nan akwai wata magana da ke yawo, wai hoton asibiti yana kashe maniyyi. A wannan maƙala muna son mu nuna cewa tushen tsoron yana cikin harshe: ayyuka dabam dabam ne aka tara ƙarƙashin suna guda.

2. Suna ɗaya, ayyuka huɗu

«Rediyo» aro ne daga Faransanci, inda ake gajarta radiographie zuwa radio. A bakin jama'a, kalmar da takwararta «hoto» sukan rufe abu huɗu:

a) hoton ƙirji ko na ƙashi, mai amfani da hasken X da Röntgen ya gano a 1895;
b) sikana, wadda ita ma hasken X ce, amma tana zagaya jiki tana ɗaukar hoto yanki yanki;
c) eko, wadda ke aiki da amo, babu hasken X a cikinta sam;
d) radiothérapie, watau kashe ciwon daji da haske mai ƙarfi. Wannan magani ne, a Nijar kuma an soma yin sa a Yamai a 2021.

3. Abin da hasken ke yi wa maraina

Tsoron yana da asali. Tun 1903 likita Albers-Schönberg na Hambur ya nuna cewa hasken X yana hana mazan zomaye haihuwa. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke zama maniyyi kullum cikin rarrabuwa suke, ƙwaya mai rarrabuwa kuwa ita haske ya fi lahantawa. Kafin maniyyi ya nuna yana ɗaukar wajen kwana 74, shi ya sa lahanin ba ya bayyana sai bayan makonni.

Amma al'amarin na awo ne. Ana auna hasken da jiki ya sha da girai. Girai ɗaya miligirai dubu ne. Hukumar duniya mai kula da kariya daga wannan haske ta tsayar a 2012 cewa rashin haihuwa na ɗan lokaci yana farawa daga wajen miligirai 100 a maraina, na dindindin kuma sai wajen miligirai 6000. Hoton ƙirji ba ya kai wa maraina ko kashi ɗaya bisa goma na miligirai guda. Ke nan sai an tara hoto fiye da dubu a zama ɗaya kafin a isa matakin farko. Hoton ƙugu ba ya wuce ƴan miligirai. Sikanar mara ta fi su nauyi, amma guda ɗaya tana ƙasa da 100. Maganin daji kaɗai ke kai dubbai, shi ya sa ya kamata likita ya tattauna batun haihuwa da marar lafiya tun kafin a fara.

4. Haihuwa da ƙarfin namiji

Akwai ruɗani na biyu. Saboda kunya, mai magana yakan ce «ƙarfin namiji» yana nufin haihuwa da iya kusantar iyali gaba ɗaya. A jiki kuwa, ƙwayoyin da ke yin maniyyi dabam suke da masu yin sinadarin mazantaka, kuma na biyun sun fi jure wa haske nesa ba kusa ba. Babu hoton asibitin da ke hana mutum kusantar iyalinsa.

5. Kammalawa

Wanda ya daɗe yana tari, ya ƙi hoton ƙirji don tsoron rasa zuri'a, ya bar wa tarin fuka fili. Cutar kuwa tana kama iyalinsa, tana kuma iya sauka har hanyar maniyyi ta toshe ta. Ciwon sanyin da ba a yi wa magani ba da hangum bayan balaga sun fi hoto barazana ga haihuwa.

Don haka muna ba masu fassara a asibitoci da gidajen rediyo shawara su raba sunayen: «hoton haske» ga (a), «sikana» ga (b), «hoton amo» ga (c), «maganin daji da haske» ga (d). Shi kuma marar lafiya ya riƙa adana hotunansa yana nuna wa likita, ko a Damagaram ko a Kano, don kada a maimaita masa sikana babu dalili.