Ciwon Cikin Safiyar Litinin

A daren Lahadin ƙarshe kafin a koma makaranta cikin Satumba, hidima iri ɗaya ake yi a gidajen Kirista da yawa, daga Jos zuwa Kafanchan har Mubi. Akwatin ƙarfe na buɗe a tsakar ɗaki, Mama na lissafa garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, sabulu da tocila. Baba na riƙe da takardar kuɗin makaranta yana jan tsaki. A tara yara a yi addu'a, kowa ya ce amin. Gari na wayewa, sai auta ta naɗe a kan katifa ta ce cikinta na murɗa mata.

"Ƙarya kike yi, tashi ki yi wanka!" Haka yawancinmu muke cewa, alhali sau da yawa gaskiya yarinyar ta faɗa. Idan tsoro ya kama mutum, jiki yakan saki wasu sinadarai, irin su adirenalin, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, su janye jini daga hanji zuwa gaɓoɓi. Shi ya sa fargaba ke fitowa a matsayin ciwon ciki, tashin zuciya ko ciwon kai. Babba zai iya cewa "hankalina ba a kwance yake ba". Ɗan shekara bakwai bai da wannan kalmar, sai jikinsa ya yi magana a madadinsa: ya ƙi abinci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko ya riƙa fushi ba gaira ba dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kuma a wannan yanki namu, tsoron yaro yana da tushe. An kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014. A Yulin 2021 aka shiga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun ta Kaduna aka tafi da ɗalibai fiye da 100. Yaranmu sun san waɗannan labarai, wani lokaci ma a bakinmu suka ji su, a tsakiyar addu'a, inda mai roƙo ke zayyana yadda 'yan bindiga ke tsallake katanga da dare, ga ɗan aji ɗaya na sakandare a durƙushe kusa da akwatinsa. Sai a ƙara da muguntar siniyoyi a ɗakin kwana, da bulalar malami, da kunyar a kira sunanka gaban aji a ce ka koma gida ba a biya kuɗi ba.

Inda muke yawan kuskure shi ne gaggawar rufe wa yaro baki da maganar ibada. "Ɗan Allah ba ya tsoro." "Rashin bangaskiya ne." Yaron da ya ji haka sai ya ɗauki kaya biyu, tsoron da kuma laifin jin tsoron, gobe kuma ba zai sake faɗa ba. Ni kam labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19 nake tunawa. Mutumin ya gudu jeji don tsoro har yana fatan mutuwa, amma abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a zo ga tambaya. Addu'a na nan daram, sai dai a fara jin abin da ke ran yaron, sannan a kai shi gaban Ubangiji da sunansa.

Tambayar ma tana da salo. "Yaya makaranta?" amsarta "lafiya". Amma ke uwa, ki zauna kusa da 'yarki kina mata kitso ki ce, "Wa kika fi jin tsoro a makarantarku?" za ki ji abin da ba ki zata ba. A gyara lokacin kwanciya tun mako guda kafin komawa, domin ɗan firamare na bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Rigimar kuɗin makaranta a yi ta a ɗaki, ba gaban yara ba. Ɗan makarantar kwana kuma a gaya masa ranar da za a zo ziyara, a kuma cika alkawari. Malaman makarantar Lahadi da 'yan Zumuntar Mata kan riga iyaye gane yaron da ya daina dariya; su faɗa a asirce, kada ya zama batun sanarwa a majami'a.

Fargabar komawa takan lafa cikin 'yan kwanaki. Idan ta haura mako biyu, yaro na ramewa, yana firgita cikin barci, ko ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, to magana ta wuce gida. A gwada zazzaɓin cizon sauro, in ba shi ba ne a nemi likitan ƙwaƙwalwa: akwai asibitin tarayya a Barnawa, Kaduna, akwai na Maiduguri, akwai sashensu a asibitin koyarwa na Jos. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raina Fasto ba ne. Iyaye, ku kai shi, in ya so Fasto ya raka ku.