Ƙungiyoyin da ke riƙe da Paikon Kore

Madarar da aka tatsa da asuba ba ta jiran kowa. A zafi irin na Gwagwalada, kafin rana ta take ta fara tsami, don haka mai ita kan kwantar da ita ta zama kindirmo ko nono, washegari ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi kasuwa. Haka matan Fulani suka gada, haka kuma ake yi a rugagen da ke kewaye da Paikon Kore, a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Birnin Tarayya Abuja. A nan ne ɗaya daga cikin wuraren kiwo huɗu da gwamnati ta keɓe a Birnin Tarayya yake. Sauran ukun suna Karshi da Kawu da Rubochi.

A 2021 aka buɗe cibiyar tara madara da sanyaya ta a wannan wurin kiwo, da haɗin gwiwar kamfanin Nestlé da Hukumar Birnin Tarayya da shirin 2SCALE mai samun tallafin gwamnatin Holan. Wanda ya ji labarin, tankin sanyi ne zai fara zo masa a rai. Amma tankin ba ya cika sai da ƙungiyoyin gama-kai da makiyayan suka kafa, kuma a ganina su ne ƙashin bayan aikin.

Ga dalili. Saniyar gida irin Bunaji, in an bar wa ɗan maraƙi rabonsa, abin da take bayarwa a rana bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba. Babu kamfanin da zai turo mota saboda ƙwaryar mace ɗaya. Sai mata da yawa sun haɗa tasu a mazubi ɗaya, an kai cibiya da sauri, an gwada ko ta fara lalacewa ko an tsarma mata ruwa, sannan a sanyaya ta. Idan mace ɗaya ta yi algus, ko ta kawo madarar saniyar da ake yi wa allurar magani, ta ja wa kowa asara. Shi ya sa 'yan ƙungiya ke sa ido a kan juna, wata ke riƙe da littafin lissafi, wani ke sammako da babur. Akwai kuma abin da bai kamata a yi sake da shi ba: a al'adar ruga shanu na maigida ne, kuɗin nono kuwa na matarsa ne, da shi take cefane da sabulu da maganin yara. Duk tsarin da zai sa kuɗin madara ya riƙa faɗawa aljihun maza kawai, to ya ƙwace wa mata abin da ke hannunsu tun kaka da kakanni.

Wannan amana ba kamfani ya zo da ita ba. Tun kafin dokar 3 ga Fabrairu 1976 da ta kafa Birnin Tarayya, manoman Gbagyi da maƙwabtansu sun san aikin gayya: yau a taru a gonar wane a yi kunyar doya, gobe a koma ta wane, mai gona ya ba da abinci. Mata sun san adashi. Daga baya aka samu masu kaki. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, da na Izala da ta fito daga Jos a 1978, su ne ake gani a garuruwan Arewa suna gyara sahu ranar Idi, suna haƙa kabari, suna ɗaukar wanda mota ta buge. A majami'u, Zumuntar Mata kan ziyarci mai jego da mara lafiya, ta tallafa wa gwauruwa. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ta yi suna wajen makarantu da kula da lafiyar uwa da jariri. Shaidar da Najeriya ta samu a watan Agustan 2020 cewa ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta daji, da gumin matan sa-kai a ciki, waɗanda suka bi gida-gida suna lallashin iyaye. Ga kuma 'yan sintiri da ke kwana waje a ƙauyukan Abuja tun da satar mutane ta kunno kai, da yawansu da tocila da sanda kawai.

Kusancin Paikon Kore da birni ya sa ƙauyukan wannan yanki ba sa rasa baƙi masu niyyar alheri. Jami'ar Abuja da asibitin koyarwarta suna nan Gwagwalada, ga masu yi wa ƙasa hidima, ga ƙungiyoyin agaji masu ofis a Wuse da Garki. Duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya yana da amfani, domin akwai wanda a nan ne zai fara sanin yana da hawan jini. Sai dai maganin da aka ba shi zai ƙare cikin wata guda, cutar kuwa tana nan. Rijiyar burtsatse ma haka take. Ranar buɗewa kowa na murna, ranar da famfo ya lalace ake gane ko an kafa kwamitin da ke karɓar ɗan kuɗin gyara, ko ba a kafa ba.

Abin da ke damuna shi ne ƙungiyoyin cikin gari, masu zama bayan baƙi sun tafi, su ne tallafi ya fi wuya ya iske. Masu ba da kuɗi kan nemi takardar rajista daga hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai an naɗa amintattu, an rubuta kundin tsarin mulki, an buga sanarwa a jaridu. Ƙungiyar matasan da gudummawarta ba ta wuce abin da aka tara a taron mako ba, ina za ta samu kuɗin jarida da na lauya?

Akwai hanyoyi masu sauƙi. Tsarin lafiya matakin farko ya riga ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa, inda masu unguwa da malaman addini da mata da matasa ke zama tare da ma'aikatan asibiti. Duk mai zuwa da taimako ya fara da wannan kwamiti da fadar gari da arɗon ruga, ya tambayi wa ke aikin tun da. Ƙungiya mai rajista tana iya tsaya wa ƙarama, ta karɓi tallafi a madadinta, ta koya wa ma'ajinta riƙe littafi. Su kuma 'yan ƙungiyar gari su riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowane wata, domin rigimar kuɗi ta fi talauci wargaza irin waɗannan ƙungiyoyi. A wurin da gona da burtali suke maƙwabtaka kamar Paikon Kore, ya dace kwamitin sasanta ɓarna ya zauna tun kafin damina ta faɗi, manoma da makiyaya su amince da masu kimanta asara da iyakar hanyar shanu kafin a yi shuka.