Ƙadangaren bakin tulu: me masu bincike suka gano?

Uwargida, in kina Sabon Birni ko Isa, ba sai an gabatar miki da jan gwada ba. Da hantsi yana bisa katanga ko jikin rumbu yana gyaɗa kai. Amma kin san abin da ke sa ƙwansa ya fito namiji ko mace?

A 1966 wata masaniya 'yar Faransa, Madeleine Charnier, ta yi gwaji a Jami'ar Dakar ta Senegal da ƙwan irin ƙadangaren nan namu. Ƙwan da ya fi samun ɗumi, galibi maza ya ƙyanƙyashe, wanda ya ɗan yi sanyi kuwa mata. Wato ramin da ƙadangaruwa ta tona cikin yashi mai laima yana da hannu a jinsin 'ya'yanta. Daga baya aka ga haka a kada da kunkuru.

Na Amurka ya fi ban mamaki. A jihar New Mexico akwai wata ƙadangaruwa siririya mai doguwar wutsiya kamar bulala, wadda duk zuriyarta mata ne zalla. Tana saka ƙwai ba tare da namiji ba, 'ya'yan su fito tamkar uwarsu. A 2010 ayarin Peter Baumann a birnin Kansas ya nuna cewa irin waɗannan suna ninka ƙwayoyin gado kafin ƙwan ya haɗu, shi ya sa ba ya buƙatar rabon uba. Ikon Allah!

To, mu dawo tsakar gida. Ƙadangare na cinye tururuwa da gara da fara, don haka ban ga dalilin sa yara su bi shi da gwafa ba. Matsalarsa kashinsa ne. Bincike a Najeriya ya sha gano ƙwayar cutar Salmonella a cikinsa, mai kawo gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi wahalar da ƙananan yara. Ashe karin maganar nan ta "a bar ka ka ɓata ruwa" ba wasa ba ce.

Ki rufe randa da murfin da ya zauna daram. Kuɓewa da barkonon da kika shanya a tabarma, ki duba su kafin ki kwashe, ki dafa su sosai. Ƙwaryar fura kada ta yini a buɗe. Yaron da ya taɓa ƙadangare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai. In gudawa ta kama jariri, ki ci gaba da ba shi nono, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari. In kin ga jini ko zazzaɓi mai zafi, ki kai shi asibiti ranar nan.